Kafin Ka Kwance Injin Wanki: Jagora Ga Masu Koyon Gyara Da Masu Wanki Da Guga

Injin wanki mai murfi a sama ya fara samun gurbi a Magarya da Dungas, a shagunan masu wanki da guga da kuma gidajen da ke da wutar Nigelec ko sola. Abin da ya sa na rubuta wannan jagora kuskure ne guda da ke ta maimaituwa a hannun sabon ɗan koyon gyara da mai injin kansa. Da zarar inji ya tsaya sai a yanke hukunci cewa koyil, wato na'urar da ke juya inji, ya ƙone ko katin da ke sarrafa shi ya mutu, a kwance baya, a aika Kano ko Damagaram a sayo kaya, a ɗaura, bayan ƴan kwanaki ciwon ya dawo inda yake. Ruwa ba ya tsami banza. Injin wanki da abu huɗu yake rayuwa, kuma dukkansu daga waje ake ba shi: wuta, ruwa, ƙasar da ya zauna a kai, da kayan da aka zuba masa. A yankinmu kuwa kowanne cikin huɗun nan yana da nasa aibi, domin wuta tana rauni, ruwa yana ɗauke da yashi, tsakar gida ba ta cika daidaita ba, kayan sawarmu kuma manya ne masu shan ruwa. Saboda haka hujjata ita ce a fara bincike daga waje a nufi ciki, daga abin da ba ya cin ko dala zuwa abin da ke cin kuɗi, kuma kada a taɓa sukudireba sai an wanke waɗannan huɗun daga zargi.

Iri biyu ne suka fi yawa a hannun mutane. Akwai mai tukunya biyu, ɗaya ta wanki ɗaya ta matsa, wanda kai ne za ka zuba masa ruwa ka murɗa agogonsa. Akwai kuma mai sarrafa kansa, mai tukunya ɗaya, wanda ke jan ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse ba tare da an sa hannu ba. Na biyun yana da kati, wato ƙwaƙwalwarsa, kuma ya fi na farko tsada da saurin fushi. Inda gyaransu ya bambanta zan faɗa.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, dukansu masu mariƙin roba, filaya, mitar auna wuta, tocila, tsohon buroshin haƙori, bokiti da tsumma, ma'aunin magina na duba daidaiton daɓe, da takalmin roba busasshe. A cikinsu mita ce ba ta da madadi. Ƙaramar testa mai haske tana nuna maka akwai wuta, amma ba ta gaya maka nawa ce ba, alhali yawancin rigimar a kan "nawa" take.

1. Tambaya da sauraro

Kafin komai, tambayi mai inji a wace gaɓa ya tsaya. Bai kunna ba sam? Ya kunna bai ja ruwa ba? Ya ja ruwa bai juya ba? Ya wanke bai zubar ba? Ko a wurin matsa ne yake tsalle? Kowace amsa tana rufe ƙofofi da yawa ta bar ɗaya ko biyu. Injin da ya wanke lafiya ya ƙi zubarwa bai da ciwon koyil ɗin wanki, don haka duk wanda ya kwance koyil a nan ya ɓata yini ne kawai. Idan mai sarrafa kansa ne, duba haruffan da ke fitowa a fuskarsa. A injinan LG, IE na nufin ruwa bai shigo ba, OE ruwa bai fita ba, UE kaya sun taru gefe guda. A na Samsung, 4E ko 4C matsalar shigar ruwa ce, 5E ko 5C ta fitarsa. Ka lura da kyau: waɗannan haruffa suna faɗin abin da inji ya rasa ne, ba su ce wani ƙarfe ya lalace ba. Daga nan, duk lokacin da hannunka zai shiga ciki ko ƙarƙashi, zare waya daga bango gaba ɗaya. Kashe maɓalli bai isa ba, domin wuri ne na ruwa, kuma jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan daɓe hanya ce buɗaɗɗiya ga wuta.

2. Wuta

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. Injinan da ake sayarwa a Nijar da Najeriya an yi su ne don wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240. Auna bakin soket da mita, sannan ka sake aunawa lokacin da inji ke ƙoƙarin juyawa, domin akwai wutar da ke nuna lafiya a zaune, da an ɗora mata nauyi ta zube. Idan ta sauka ƙasa da 200, dakata. Mutane da yawa suna ɗauka wuta mai ƙarfi ce kaɗai ke ƙona kaya, amma raunanniya ma tana ƙona koyil, a hankali kuma. Koyil ɗin da bai samu isasshen ƙarfi ba yana kasa ɗaukar gudu, ya tsaya yana gurnani, yana zafi, har rufin wayoyinsa ya narke. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kowane gida ya kunna fanka da firji, wannan ya fi faruwa. Maganinsa na farko kyauta ne: a yi wanki da sassafe, lokacin da layi bai cika nauyi ba. Doguwar waya siririya da ake jawowa daga ɗaki zuwa bakin rijiya ita ma tana cinye ƙarfin wuta a hanya. Taɓa ta bayan minti goma, in ta yi ɗumi to ta yi wa injin kaɗan.

Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa dawowarta a 2024, mutane da dama suka koma ga janareta da sola, kuma wannan ya zo da nasa ciwon. Koyil yana jan wuta ninki biyu ko uku na abin da aka rubuta a jikinsa a daidai lokacin tashi, kuma injin wanki ba sau ɗaya yake tashi ba: yana juyawa dama, ya tsaya, ya juya hagu, a kowane juyi sabon tashi ne. Ƙaramin janareta da ke riƙe fitilu da talabijin zai riƙa numfashi sama-sama, wutarsa tana hawa tana sauka, kuma kati ba ya jure haka. Idan sola ce, inbata, wato na'urar da ke mai da wutar sola ta zama irin ta gida, in mai arha ce da wutarta ba ta fita sumul, tana sa koyil ƙugi da zafi. A nemi wadda aka rubuta cewa ta dace da firji da injina masu koyil, mai ƙarfin da ya ninka na injin.

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu mazauna bakin iyaka. Injin da aka sayo a Kano, ko ya shigo ta Maigatari ko ta Tinkim, yana zuwa da kan waya mai ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila, soket ɗinmu kuwa mai ramuka zagayayyu ne irin na Faransa. Sai a yanke kan, a ɗaura mai ƙafa biyu, a bar waya ta uku, mai launin kore da ruwan ɗorawa, tana reto. Wannan ita ce wayar ƙasa, kuma ita ce ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa maimakon ta bi jikin mai wanki. Duk injin da ke ɗan jan hannu idan an taɓa ruwansa, a tsayar da shi nan take, a haɗa wannan waya da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa mai laima, a kuma nemo inda wutar ke ɓallewa. Sannan a duba takardar da ke manne a bayan duk injin da aka sayo na hannu: na Amurka 120 yake ci, na Japan 100, kuma wutarmu za ta kashe shi a kunnawar farko.

Za a ce na'urar daidaita wuta, sitabilaiza, ƙarin kuɗi ce a kan inji da tuni ya ci kuɗi. Gaskiya ne, kuma ga mai tukunya biyu da ba shi da kati, ana iya lallaɓawa da zaɓen lokacin wanki. Amma ga mai sarrafa kansa ban ga wata mafita ba. Kati na daga cikin mafi tsadar kayan injin, ba a cika samun daidai nasa a kusa ba, kuma kowane kwana da inji ya yi yana jiran saƙo daga Kano kwana ne da mai shago ya koma wankin hannu.

3. Ruwan shiga

Idan mai sarrafa kansa ya kunna yana ƙugi amma ruwa bai zubo ba, rufe famfo, kwance tiyo daga bayan injin, ka haska tocila cikin bakin. Za ka ga ƴar ƙaramar rariya kamar hular yatsa. Jawo ta da filaya a hankali, ka wanke da buroshi. A ƙasar yashi irin ta Korama, inda ruwa ke kusa kuma rijiyoyi da burtsatse ke kawo shi da ɗan rairayi, wannan rariya tana toshewa da wuri, a same ta cike da jan yashi kamar an dasa. Kuskuren sababbi shi ne su cire ta su jefar don ruwa ya gudu. Ruwa zai gudu, amma yashin zai wuce cikin bawul, wato ƙofar da ke buɗe wa ruwa tana rufewa, ya hana robarsa rufewa, inji ya riƙa cika har ya malala.

In rariya tana da tsabta, saura ƙarfin ruwan. Bawul ɗin waɗannan injina da matsin ruwa yake buɗewa, kuma littattafansu kan nemi matsin da ya yi daidai da tankin da ke sama da injin da mita 3 zuwa 5. Tanki a kan bulo biyu ba zai buɗe shi ba, ko da bawul sabo ne fil. Famfon gari ma yana rauni a wasu sa'o'i. Mafita ita ce ɗaga tanki ko sa ƙaramin famfon ƙara matsi. A nan zan faɗi ra'ayina kai tsaye: gidan da ruwansa na ƴan garuwa ne ko na guga, mai tukunya biyu ya dace da shi, kuma sayen mai sarrafa kansa a irin wannan gida sayen wahala ne. Ruwan rijiya kuma a bar shi ya kwanta a ganga, a tace da ƙyalle kafin a zuba.

Idan matsalar cika ce ba tsayawa, ga gwaji mai sauƙi. Zare wuta yayin da ruwa ke zuba. In ya ci gaba, bawul ne ya maƙale. In ya tsaya, bawul lafiya lau, sai a duba siririn tiyon iska da ke tashi daga gindin tukunya zuwa ma'aunin ruwa a sama. Ko ya zame, ko ɓera ya huda shi.

4. Ruwan fita

Da yawa daga cikin injinan nan ba su da famfon fitar da ruwa, gangara kawai suke bi. Irin wannan, tiyonsa dole ya kwanta ƙasa, kada ya hau dokin ƙofa, kada bakinsa ya nutse cikin kwata. Mai famfo kuwa akasin haka yake so: a rataye tiyonsa sama, kimanin mita 1, in ba haka ba ruwa zai riƙa shiga yana zurarewa. Sanin wanne kake da shi ya raba rabin gardama. Bayan haka a bi tiyon a ga ko ya lanƙwashe, sannan a buɗe bawul ɗin fita da ke ƙasa. A can ake tsintar tsabar kuɗi, maɓallin riga, allurar ɗaura kallabi, ɗan tsinken sakace. Abu ɗaya irin wannan yana iya toshe hanya, yana kuma iya hana robar rufewa, sai ruwa ya riƙa tsiyaya ana cikin wanki. A mai tukunya biyu, duba igiyar da ta haɗa maɓallin zubarwa da bawul, tana tsinkewa ko ta saki.

5. Zama, lodi da sabulu

Injin da ke tsalle yana dukan jikinsa a wurin matsa, sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Ɗora ma'aunin magina a kansa, ko ka zuba ruwa kaɗan ka ga ko ya taru gefe guda. Kada a ajiye shi a kan yashi, domin ƙafafunsa na nutsewa ba daidai ba. A yi masa ɗan daɓen siminti, a inuwa, saboda rana tana busar da roba har ta riƙa karyewa. In an kawo shi daga nesa a kan babur ko amalanke, a leƙa a tabbata sanduna huɗun da tukunyar mai sarrafa kansa ke rataye a kansu suna mazauninsu.

Kilo da aka rubuta a jikin inji nauyin busassun kaya ne. Babbar riga ta shadda, bargon hunturu, ko labule, da sun sha ruwa nauyinsu ya ninka, kuma idan ɗaya ne tilo sai ya dunƙule gefe guda ya riƙa jifan tukunya. A baza kaya kewaye, a haɗa babba da ƙanana, a bar sarari a sama. Kayan gona da na yara a kakkaɓe su sosai a juye aljihu, domin yashin da ya shiga ƙarƙashin faifan da ke juya kaya yana cin robar da ke tare ruwa kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Masu wanki da yawa za su ce sai kumfa ta tashi kaya ke fita. A wankin hannu kumfa ba ta cutar da kowa, shi ya sa aka saba. A inji kuwa gogayyar kaya da juna cikin ruwa ce ke fitar da datti, kumfa mai yawa tana rage wannan gogayya, tana shiga tsakanin tukunyar ciki da ta waje ta riƙe gudun matsa, in ta yi ambaliya kuma ta sauka kan koyil. Farar shadda da ta fito da zane-zanen omo shaida ce an zuba fiye da kima. A jiƙa kaya masu datti tun da wuri, a narkar da omo a ruwa kafin a zuba.

6. Buɗe baya

Sai yanzu sukudireba ya samu izini. Wuta a zare, ruwa a zubar. Fara da ido da hanci: wayar da ɓera ya ci, tsatsa, alamar ɗigar ruwa, ƙaurin ƙuna. Ɓera na son ƙarƙashin injin wanki, kuma farantin da ake bayarwa don rufe gindin mai sarrafa kansa yawanci a cikin kwali ake mance shi. Idan koyil na gudu amma faifai bai juya ba, duba bel ɗin da ya haɗa su. Danna shi da babban yatsa. In ya lotsa fiye da kimanin santimita 1, ko ya yi santsi yana ƙyalli, a ɗaure ko a canza da mai lamba iri ɗaya. In bel lafiya, cire faifan, wataƙila haƙoran tsakiyarsa sun cinye.

Idan koyil na gurnani bai tashi ba, wuta kuma ta cika, babban abin zargi kondansa ne, ɗan gwangwanin nan da ke ba koyil turin tashi. Zafi yana kashe shi, wani lokaci a gan shi ya kumbura ko yana tsiyaya. Yana iya riƙe wuta bayan an zare waya, don haka a haɗa ƙafafunsa biyu da bakin sukudireba mai mariƙin roba kafin a taɓa. A canza shi da mai lamba daidai da tasa. Ƙara lamba don inji ya yi ƙarfi, kamar yadda wasu ke yi, yana sa koyil zafi ya gajarta kwanansa. Koyil da yawa da aka kai wa masu naɗi ba abin da ya same su, kondansa ne kawai ya mutu.

A ɓangaren matsa na mai tukunya biyu akwai abu biyu. Na ɗaya birki: waya ce ta haɗa shi da murfi, in ta saki sai birki ya riƙe tukunya ko da an rufe. Na biyu robar da ke ƙarƙashin tukunyar matsa, wadda koyil ke zaune daidai ƙasanta. In ta yage, ruwa na ɗiga kai tsaye kan koyil. Wanda ya canza koyil ya bar wannan roba, ya sayi na biyu ne tun kafin ya biya na farko. Maɓallin murfi kuwa, in ya lalace a canza shi. Kada a haɗe wayoyinsa don inji ya yi gudu a buɗe. Tukunyar matsa tana ɗaruruwan juyi a minti guda, tana iya naɗe hannu da mayafi ta karya, kuma a gidajenmu yara ba sa nisa da wurin wanki. Saboda su ne ma ba a barin ruwa a tukunya bayan an gama.

7. Inda ya kamata ka tsaya

Wani zai ce ƙwararre da jin ƙara yake gane ciwo, bin matakai na masu koyo ne. Ƙwararren ma matakan yake bi, sabo ne ya sa yake gama su cikin minti kaɗan, kuma ko shi ba ya jin ƙarfin wuta da kunne. Wani kuma zai ce in gyara ya tsaya a wanke rariya, me mai gyara zai ci? Ya karɓi kuɗin dubawa, haƙƙinsa ne, ya kuma nuna wa mai inji abin da ya gani. Garuruwanmu ƙanana ne, daga Bande zuwa Wacha, daga Dogo-Dogo zuwa Malawa labari ba ya kwana, kuma wanda ya ɗaura kaya mai tsada ciwo ya dawo ba za a sake kiransa ba.

Giya, boris, naɗin koyil da gyaran kati aikin wanda ya daɗe a hannu ne, ɗan koyo ya yi su gaban maigidansa. Idan bincike ya kai ka nan, kwafi cikakkiyar lambar injin daga takardar bayansa, ka ɗauki hoton yadda wayoyi suke kafin ka zare ko ɗaya, ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannunka ko ka haɗa ɗan saƙo da shi. Kafin ka ɗaura sabon, koma mataki na 2 ka sake auna wutar gidan.